Ina Jiran Awon Jinin da Bai Iso Ba

Malama Ikilima, don Allah ki agaza mini, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni mazauniyar Guci ce. Maigidana ya rasu, gida daga ni sai awaki. Tun kaka nake ganin jini a fitsarina, ga ciwo a kwiɓi. Mai magani a kasuwa ya ce tsargiya ce, kuma a nan wa ke tada hankali kan tsargiya? Amma haka aka ce wa yayana Dauda, sai da aka kai shi Damagaram aka ce sankarar ƙoda ce. Bai dawo ba.

Ɗana guda ne, kuma ɗan fari, yana karatun lokotoro, wato likita, a Yamai. Ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in yi masa zancen fitsari. Da ya zo hutu na ji yana ba abokinsa labari a zaure, wai akwai wasu ƙananan alamomi a jini, microRNA, da ke tona sankarar ƙoda da wuri. Na ce shi ke nan, in awon ya iso garinmu in miƙa hannu kawai, ba wanda ya sani. Kullum jira nake, ni kaɗai, tsoro na cina. In ci gaba da jira?

Mai Tagumi, Guci

Yaya, wasiƙarki ta taɓa ni, amma kada ki jira. Awon nan masana suna kan bincikensa, bai zama abin da ake yi wa kowa a asibiti ba, mai jiransa kuwa jiran gawon shanu yake. Jinin nan zai iya zama tsargiya ko tsakuwar ƙoda, zai iya zama abin da kike tsoro. Awon fitsari da hoton ciki ne za su raba gardama. Ki soma da asibitin Magariya cikin makon nan, ki gaya musu abin da ya ɗauki Dauda.

Kunyar ɗan fari ado ce, ban raina ta ba. To amma ba a ce sai kin kama sunansa ba. Ki aika gwaggonsa ta faɗa masa, ya zo ya raka ki. Yaron da ke koyon ceton iyayen wasu, kada ki bari ya ji ciwon tasa uwar a bakin masu zaman makoki.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya nuna miki ranar da zai gama karatu.

Ikilima