Takalmin da Ke Cikin Rumbu

Ana sanar da masu karatu, da hukuma, da duk wanda abin ya shafa, cewa ranar Litinin da ta wuce, ni mai wannan fili, ina cikin hankalina, na sayi takalmin kambas a wurin 'yan gwanjo. Dalili yana tafe. Ga wasiƙar wannan mako.

Malam,

Don girman Allah ka taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina. Ni manomi ne a Kara, ƙasar Gwarzo. Wani malamin firamare ne ke rubuta mini wannan, shi ne kuma mai karanta mana jaridarku in ta samu.

Ɗana, mu ce sunansa Mahbub, ya sami gurbin karatun injiniya a ƙasar Sin shekara biyu da suka wuce. Tun yana aji huɗu na hana shi taɓa fartanya. Ƙannensa suna gona, shi yana zaure da littafi. Ƙwallo kuwa sau ɗaya na kama shi yana yi, bai sake ba. A wannan tsadar da ko kananzir sai an yi layi, fitilarsa ba ta taɓa mutuwa ba.

Ya zo hutu a rame. Sai ya buɗe littafi ya zuba masa ido, daga hantsi har azahar shafi ɗaya. Ya ce can ɗalibai karatu suke kamar ba gobe, ga rubutun ƙasar sai an haddace zane dubbai, har ya kai ko ganin takarda ba ya so. Wai likitan makarantarsu ya sa shi cikin masu gudu da safe, wai ya fara jin sauƙi.

To Malam, gudun nan ya kawo mana shi gida. Da an idar da asuba sai ya sa ɗan gajeren wando ya kama hanyar Kabo a guje, ba kare a bayansa, ba gobara a gabansa. Ranar farko mutum biyar suka rufa masa baya da sanduna, sun zaci ɓarawo ya koro. 'Yan Hisba sun tare shi sun yi masa nasiha kan tsiraici. Maƙwabcina Haladu ya ce aljanun can ƙasar ne suka biyo shi. Uwarsa ta daina zuwa suna don kunya.

Sai na tuna abin da ka rubuta bara, cewa mutum uku ne ke gudu da sassafe: ɓarawo, da mai zawo, da wanda kansa ya kwance. Na ɗauke takalmin na jefa cikin rumbun dawa. Yaro ne mai ladabi, ya haƙura. Amma yau kwana goma sha biyu ba ya fita, ba ya cin abincin kirki, jiya kuma ya gaya wa uwarsa ba zai koma ba. Saura mako uku jirginsu ya tashi. In kai shi a yi masa ruƙiyya ne, ko tsawa zan yi masa?

Uba Mai Juyayi, Kara

Uba Mai Juyayi,

Ka gaishe mini da Haladu, masanin aljanun ƙasa da ƙasa, wanda na tabbata iyakar tafiyarsa kasuwar Gwarzo. Ka gaishe da jaruman nan biyar masu sanduna. A duk labarin su kaɗai suka ci riba, don ko ba komai sun motsa jini.

Kai manomi ne. Gonar da aka shekara goma sha biyar ana tatsa ba a bar ta ta huta ba, ka san abin da take bayarwa. San huɗar da aka ɗaure a turke wata shida, ka san yadda yake tashi. Ka san wannan a kan ƙasa da dabba, amma ɗan da ka haifa ka mayar da shi buhu, ana ɗura karatu ana dannawa. To buhun ya cika. Gajiya ce ta ƙwaƙwalwa, tana kama ɗaliban Sin kamar yadda take kama namu, jiki kuma magayi ne. Yaron ya samo maganinsa da kansa, kai ka ajiye shi tare da dawa.

Ba na ce ba ka da gaskiya ko kaɗan ba. Kara ba Sin ba ce. Mai shirin zama injiniya ya kamata ya iya auna cewa garin da ake murnar Shari'a ba wurin baje cinya ba ne. Kunyar uwarsa ma ba abin wasa ba ce. Sai dai duk wannan rikicin yadi biyu ne maganinsa.

Ga shawarata. Yau ɗin nan ka shiga rumbu da kanka, kada ka aiki kowa. Ka kakkaɓe takalmin ka miƙa masa hannu da hannu. A kai wa tela yadi ya ɗinka masa dogon wando mai faɗi. Ya bar titin mota, ya bi hanyar gona. Gobe ka raka shi, ko da a kan keke ne, don bakin mutane ya mutu: wanda ubansa ke biye da shi ba a kiransa mahaukaci. Da yamma ka ba shi fartanyar da ka hana shi. Littafi a rufe shi mako guda, kuma kada kowa ya yi masa zancen jirgi. Addu'a a yi ta, ba ta hana gudu. In kwana goma suka wuce bai fara ci da barci ba, a kai shi asibiti, ba wurin Haladu ba. Tsawa kuwa ka riƙe abarka, ita ta kawo mu nan.

Allah ya ba shi lafiya, ya mayar da shi karatunsa da daɗin rai, ya sanyaya zuciyar uwarsa.

Saura zancen mutum uku. Akwai na huɗu: marubuci mai tumbi da likita ya gwada jininsa ya girgiza kai. Abin da na rubuta bara kuskure ne. Ka gaya wa Mahbub ni na jefa takalminsa a rumbu, ya yafe mini.