Sunan da Inna Ta Bari a Bakin Kogi

Catford, London
7 ga Agusta, 1989

Zuwa ga ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kun sauka lafiya, ke da Inna da maigidanki Dakta Lawal. Tunda kin ce gidan hutun naku babu waya, sai na koma wa biro.

Ba zan ɓoye miki ba, raina ya sosu. Wata biyu Inna tana flat ɗina tun zuwanta daga Kano. Ni na yi ta jigilarta asibitin ido a bas, ni ke ɗiga mata magani, ni ke zuwa Deptford neman kuka da daddawa. Sai ga ki ran Asabar da mota, wai kin yi booking na wani gida a ƙauye, bakin kogi, mako biyu. Ko "Yaya, za ki?" babu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ci mini rai, da za ta shiga mota ta ce, "Murjanatu, riƙe mini jaka." Ni kuwa ta ce, "Ke, sai mun dawo." Shekarata arba'in da ɗaya, har yau ni ce "ke". Na san kunya ce, uwa ba ta kama sunan 'yar fari. Amma nan London ce, wa zai ji ta?

Ki gaishe ta.
Yayarki, Luba

*

Gidan bakin kogi, Suffolk
10 ga Agusta

Yaya Luba,

Wa alaikumus salam. Kai, Yaya! Wasiƙarki saura kaɗan ta ƙona mini yatsu. Ɗaki biyu ne kacal a gidan, ke kuma kina da shift a wurin aiki, shi ya sa ban yi miki tayi ba.

Da kin ga wurin da kin yi dariya. Rufin ciyawa ne, ƙofar kuwa gajera, sau uku Lawal yana buga goshi. Inna ta ce ba ta taɓa ganin wauta irin tamu ba, mun baro gidan bene mun zo kwana a bukka. Amma tana jin daɗi. Kullum da hantsi tana kan benci a bakin ruwa da carbinta, tana jefa wa agwagi burodi, har ta raɗa musu sunaye. Jiya ta ce in tsefe mata kai a can.

Ki sassauta, don Allah.
Autarku, Murja

*

Catford
12 ga Agusta

Murja,

Salam. Ashe agwagin Suffolk ma sun samu suna. Madalla, sun fi ni sa'a.

Na haɗa mata akwatinta. In kun dawo ki wuce da ita gidanki Stratford, ta zauna har ranar jirginta. Na gaji da yi wa mutum bauta yana kallon wani. Kishi nake yi, na faɗa, ki kai mata in kin so.

Luba

*

Gidan bakin kogi
15 ga Agusta

Yaya,

Assalamu alaikum. Na so in yi shiru, na kasa.

Kin san abin da nake sha a nan? In na dama kunu, "waccan ta Catford ba haka take yi ba." In na ɗiga mata magani, "ita hannunta ba ya rawa." Ran tsifar nan ma, hirarki aka yi mini daga farko har ƙarshe.

Jiya tsohuwar Baturiya mai gidan ta kawo wani littafi, wai duk baƙon da ya sauka yakan rubuta wani abu a ciki. Lawal ya yi nasa da Turanci. Sai Inna ta ce, "A garin nan akwai mai karanta ajami?" Na ce ko ɗaya. Ta ɗauki littafin da biro ta tafi bencinta, ta jima.

Da ta shiga alwala na leƙa. Ta manta ni ma na yi makarantar allo. Layi uku ne, harafin manya-manya saboda idon nan:

Lubabatu.
Lubabatu 'yata.
Allah ya yi miki albarka, Lubabatu.

Na juya shafin, na duba bayansa, babu Murja. Wallahi Yaya sai da na kama gefen takardar zan yage, na sake ta. Nawa sunan na riƙe jaka ne. Naki shekara arba'in da ɗaya tana ɓoyonsa, sai da ta samu garin da ba wanda zai gane sannan ta ajiye shi. Yanzu ki faɗa mini wa ya kamata ya yi kishi.

Taki, Murja

*

Catford
17 ga Agusta

Murja,

Wa alaikis salam. Na kwance akwatin. Ku kawo ta Catford ran Asabar, kuma kada ta ji cewa na sani.

Ki rubuto mini adireshin Baturiyar mai gidan, da jirgin ƙasan da ake hawa daga Liverpool Street. Na ɗauki off a wurin aiki ran Alhamis mai zuwa. Ki gaya mata ba kwana zan yi ba, littafin kawai za ta buɗe mini.

Yayarki,
Lubabatu