Zan Faɗi Sunanki Ranar Alhamis

Zuwa gare ki, 'yar fari,

Gaisuwa da addu'a. Na san ba za ki karanta wannan ba, amma ke kika koya mini rubutu da furfura a kaina, to wa zan rubuta wa?

Ƙaninki Sadiku lafiya lau, yana aikin sito a garin Wendover, nan Amurka. 'Yarki Amira ta warke daga tari. Yayana Alhaji Sani ƙafa ta matsa masa, bakinsa kuwa garau. Ni barci ne ya ƙi.

Matan nan 'yan asalin Amurka da kike yi wa aikin lauya, masu ɗinkin barguna, sun zo ta'aziyya. Shugabarsu Mis Rut ta zauna a tabarma kamar 'yar gida. Ta ce kamfanin nan mai yin barguna ya dawo musu da ya ji rasuwarki. So yake su sayar masa da zanen kakanninsu dungurungum, ya riƙa bugawa a inji. Ke kika yi wa ƙungiyarsu rajista, kika ce haya za a bayar, ba sayarwa ba, don jikokinsu su ci. Yanzu wasu sun karaya. Ranar Alhamis za su yanke shawara, sun roƙe ni in je in tuna musu da ke.

Alhaji ya ce ina ruwan Bahaushiya da rigimar wasu, kuma uwa ba ta yabon 'yar fari a bainar jama'a. Ya manta yadda aka raba mu da gonar mahaifinmu don ba mu da mai tsaya mana?

Tun da na haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, saboda kunya. Ranar da kika zama lauya ma kai na sunkuyar, alhali murna kamar ta kashe ni. Me kunyar ta tsinana mini? Har aka rufe ki ban faɗa ba.

Zan hau bas daga nan Glenwood, in tsaya gabansu da gurgun Turancina, in ce kada su sa hannu. Abokiyar aikinki ta yarda ta ci gaba da tsaya musu. In Alhaji zai yi fushi, ya yi.

In Allah ya yarje miki, ki zo mini a mafarki kafin Alhamis, ki gaya mini ko na fahimci zancen hayar daidai. Ko ba ki zo ba, zan je.

Allah ya haskaka makwancinki.

Ni ce,
Uwar Bilkisu.
Ga shi na rubuta, saura in faɗa.