Katin da Bai Kamata Ya Zo Miki Ba

Zuwa ga Yaya Chizuru,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata sanyin Kushiro bai taso miki da ciwon gwiwa ba. Kullum da safe idan na ajiye shinkafa a gaban hotunan iyaye, nakan roƙa miki lafiya da ƙarin haƙuri. Mu nan Kagoshima muna nan. 'Yarmu Sayuri ta koma makaranta, tokar dutsen nan mai aman wuta kuma ta sake rufe mana shanya.

Yaya, maganar katin sabuwar shekara ce. Na san ya iso miki da sunan mijinki marigayi Masakichi a sama, ana taya ku murna, alhali ko wata biyar ba a yi da rasuwarsa ba. Takardarki ta makoki ta zo mana tun Nuwamba, kuma ko yaro ya san ba a aika katin murna gidan da ya aiko da ita. Tun ranar ba ki kira ba, ban kuwa ga laifinki ba.

Akwai abin da muka ɓoye miki. Ciwon ƙaninki Noboru kin san shi: wani lokaci ya yi mako ba barci yana zuba kamar rediyo, wani lokaci ya kwanta wata guda ba uffan. Shekara biyu ke nan magani ya kwantar da wannan, kowa yana cewa ya warke. Amma kan bai dawo daidai ba. Yakan karanta shafi ya kai ƙarshe bai riƙe farkon ba. Idan na aike shi sayen abu uku, ɗaya yake kawowa. A wurin aiki sun ɗauke shi daga tsara zirga-zirgar motoci sun ba shi liƙa ambulan. Likita ta ce haka yakan faru ga masu ciwon da yawa ko bayan rai ya kwanta, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Rubuta katunan da alƙalamin gashi shi ne abin da ya rage masa cikin abin da ya koya wurin Baba, shi ya sa na ƙyale shi. Ya ajiye takardun makoki a hagu, littafin adireshi a dama, ya bi littafin layi-layi har ƙarshe bai waiwayi hagu ba. Ni ma na kai gidan waya ban duba ba.

Da na gaya masa, ya ce ai ya san Masakichi ya rasu, ku biyu kuka tsince ƙasusuwansa da tsinke bisa al'ada bayan an ƙona gawar, ta yaya za a ce ya manta. Ya ce bai manta ba, hannunsa ne kawai ya wuce. Sai ya wanke alƙalamin ya miƙo mini. Na karɓa na sa a aljihun tebur, na koma yankan kabeji. Ban yi kuka ba, Yaya. Na daɗe ba na jin komai, sai dai in yi abin da ke gabana.

Kwana shida yana rubuta miki ban-haƙuri da biro. Ya hana ni sa masa hannu, wai yayarsa ce ba tawa ba. Ga takardar nan na haɗo da wannan, bai sani ba. Sunanki ne a sama da rabin layi, iyakar inda ya kai ke nan. Idan kin ga za ki iya, ki kira da rana, lokacin kansa ya fi sakewa.

Ki gaishe da ɗanki Haruo da matarsa Mieko, da ƙaramar jikarki Kotone.

Matar ƙaninki,
Fumie