Zuwa ga Inna, Bayan Na Sha Ayodin

Assalamu alaikum Inna. Gaisuwa ta girmamawa tare da addu'ar kina cikin rahamar Ubangiji. 'Yarki Rakiya ce. Daga ɗakinki na Tarauni nake rubuto miki wannan, a kan tabarmar da kika bari.

Ciwon da ya ɗauke ki ya zo mini.

Kin tuna shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula? Gari na ta murna, mu kuwa muna jigila da ke tsakanin gida da asibiti. Lokacin ina ajin ƙarshe a makarantar koyon jinya. Shekara da shekaru kina rufe wuyanki da mayafi kina cewa, “Maƙoƙo ne, a danginmu ba ya kisa.” Da aka yi miki aiki likita ya ce ya cire abin da idonsa ya gani, wanda bai gani ba kuma ba shi da na'urar nemansa. Wata bakwai bayan nan kika fara tari. Ashe ya riga ya kai huhu.

Ni ma a bara, ina goyon takwararki, wadda muke kira Ummi, na shafa wuyana na ji ƙullutu kamar ƙwallon dabino. Shekara goma sha ina jinyar mutane, amma sai da na yi wata biyu ban faɗa wa kowa ba. Mijina, Baban Ummi, shi ya lura ina yawan taɓa wurin. An yi aiki, an cire, an auna. Ciwon daji ne.

Sai dai yanzu akwai hanyar nema, Inna. Ƙwayar wannan ciwon tana son sinadarin ayodin, irin wanda ake sa wa gishiri, duk inda take a jiki sai ta zuƙe shi. To, akwai wani ayodin na musamman mai fitar da haske wanda ido ba ya gani. In mutum ya sha, sai a shigar da shi cikin na'ura ta bi hasken. Duk inda ciwon ya ɓuya, zai fito a hoto. Ba a yin irinsa a nan, sai da muka shirya tafiya Indiya.

Sharaɗin farko shi ya fi aikin kansa zafi. Aka ce in yaye Ummi makonni kafin tafiya, domin sinadarin yana taruwa a nono. Watanta takwas. Maƙwabciyarmu a Gyadi-Gyadi, Maman Rifkatu, malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna, ita ta karɓe ta. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ina jin kukan yarinyar, ƙirjina ya kumbura kamar zai fashe, ba damar in leƙa. Abin da matar nan take ce mini kullum shi ne, “Ki bar mini kukan, ke dai ki je ki dawo.”

Aka hana ni gishiri da kifi da madara na mako biyu, aka dakatar da ƙwayar da nake sha tun bayan aikin. Jikina ya yi nauyi, fuskata ta kumbura, ina jin sanyi da tsakar rana.

A can ma ba mu huta ba. Wannan ayodin ba ya ajiyuwa, kusan duk kwana huɗu rabin ƙarfinsa yake tafiya, don haka daga wani gari ake kawo shi ranar da za a sha. Ranar da aka sa mana bai iso ba. Muka zauna a benci tun safe har la'asar, Baban Ummi yana ta jan carbi, ni ina kallon ƙofa. Sai washegari ya zo, a cikin wani ɗan tulun dalma mai nauyin gaske. Ma'aikaciyar ta tsaya nesa da ni ta nuna mini da hannu in haɗiye.

Kwana ɗaya bayan nan suka kwantar da ni a na'urar, suka ce kada in motsa. Inna, tarinki kawai nake ji a kunnena. Ina ta lissafin shekarun Ummi, ina tunanin wa zai yi mata kitso ranar da za ta fara zuwa makaranta. Bayan kwana uku suka sake ɗauka.

Da likitar ta kira mu ta juyo da allon, ban kalli wuyan ba, ƙirji na fara dubawa. Na san yadda huhu yake a hoto. Babu komai, fes. Na ce alhamdu lillahi. Sai ta sa yatsa a gefen wuya, inda wani ɗigo yake haske, bai kai ƙwayar wake ba. Saura ke nan. Suka ba ni wani ayodin mai ƙarfi wanda zai ƙone shi, suka rufe ni ni kaɗai a ɗaki kwana uku, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa.

Da muka dawo Kano aka ce in ƙara kwanaki ban kusanci yaro ba. Shi ya sa na sauka a ɗakinki, da kwanona da kofina daban. Ranar Laraba Maman Rifkatu ta kawo Ummi tsakar gida don in gan ta daga nesa. Yarinyar ta miƙo hannu, ni kuma na ja da baya. Ba na jin zan manta yadda ta dube ni.

Yau da safe kwanakin suka cika. Na yi wanka na sa sabon zane, aka kawo ta. Na miƙa hannu, ta juya ta cusa fuska a kafaɗar Maman Rifkatu. Ban matsa mata ba. Na zauna a ƙasa ina yi mata waƙar da kike yi mana, har kusan azahar. Can sai ta zame ta sauka, ta miƙe tsaye. Ashe ta fara tafiya ba na nan, sun ɓoye mini don in gani da idona. Taku huɗu ta yi, ta faɗo a cinyata. Ga ta nan tana barci, da hannu ɗaya nake rubutu.

Bayan wata shida zan koma a sake dubawa. Ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya yalwata kabarinki, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Ni kuma ya ara mini kwana in raini wannan yarinya.

Taki har kullum,
Rakiya