Ba Tabo a Cikina

Litinin, 2 ga Yuni
Likita ya ce kansar ciki ce, amma an kama ta da wuri, a fatar cikin tumbi kawai take. Wai ba za a farke ni ba. Za su zura wani siririn bututu mai kyamara ta baki, su kankare ta. Yana magana yana kallon 'yata Auta, ba ni ba. Na lura.

Alhamis, 5 ga Yuni
Yayana ma haka aka yi masa. Aka ce ƙaramin aiki ne, aka buɗe shi, aka mayar aka ɗinke. Mu duka mun san cutar ta ci ƙarfinsa, shi kaɗai bai sani ba har ya rasu. Ni kuwa ko buɗewar ba za su yi ba. To me suka gani?

Maman yara ta daina yi mini faɗan garin katako da nake shigo mata da shi ɗaki. Ita da ko sau ɗaya ba ta taɓa ƙyale ni ba.

Talata, 10 ga Yuni
Gobe ne aikin. Na kama Auta tana waya a bayan shago, da ta gan ni ta katse. Na ce da wa? Ta ce, "Baba, mijina ne fa." Wataƙila.

Juma'a, 13 ga Yuni
An yi. Allura a hannu, sai na farka maƙogwaro na zafi. Na ɗaga riga na shafa cikina, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Ni kafinta ne. In ka cire ruɓa daga katako, wurin yana nunawa.

Likita ya nuna mini hoto: wata 'yar tsoka, an shimfiɗa ta an kafe gefenta da ƙananan allurai. "Ga ta nan, Baba, ta fita gaba ɗaya." Na ce ta yaya zan san tawa ce? Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Lahadi, 15 ga Yuni
Ruwa-ruwa kawai ake ba ni. 'Yan dubiya sun yi yawa. Har ƙanina da muka shekara ba ma magana ya zo ya riƙe mini hannu. Mai warkewa ake riƙe wa hannu haka?

Juma'a, 27 ga Yuni
Sakamakon gwajin tsokar ya fito. Na ce Auta ta tsaya a waje. Na rufe ƙofa na ce, "Likita, don Allah kar ka ɓoye mini. Na san yadda ake yi, da ni aka ɓoye wa yayana."

Ya ajiye biro. Ya ce gefen duka fes yake, ba ta yi zurfi ba, amma zan riƙa zuwa ana leƙawa, don tana iya fitowa a wani wurin. "Ba zan ce maka ba za ta dawo ba, Baba."

Wannan kaɗai na yarda da shi.

Asabar, 12 ga Yuli
Wata mata ta zo, tana son gado da kabad na 'yarta, bikin sai baɗi. Na buɗe baki zan tura ta wurin wani, sai na ji kaina ina tambayar faɗin ɗakin.

Ba wai na saki jiki ba ne. Katakon dai yana bukatar lokaci ya bushe, shi ya sa na sayo yau.