Ƙarfen Surukina Ya Tsage

Malam, don Allah ka agaje ni, kafin tanda ta danne ni ko kunya ta kashe ni.

Ni mai gasa burodi ne a Tamaske. A 1976, da na yi aure, surukina, wanda tsohon maƙeri ne, ya ba ni kyautar guntun ƙarfen shasin wata kamyo, babbar motar kaya, da ta mutu a hanyar Keita. Da hannunsa ya gitta shi a bakin tandata, shi ke ɗauke da rufin. Har yau duk baƙon da ya yi sai ya kawo shi ya ga ƙarfen, yana cewa jikokinmu za su gaje shi.

To Malam, shekara bakwai ke nan ƙarfen yana shan wuta. Ya fara lanƙwasa kamar bayan tsohon jaki, bara kuma na ga tsaga a tsakiyarsa. Ni kuwa ko sunan mutumen nan ban taɓa faɗi ba, in na hango shi sai in tuɓe takalma in durƙusa. Da wane baki zan ce masa ƙarfensa ya gaza? Abokina Ɗangana ya ce in shafe wurin da laka. Duk ranar kasuwa, kafin tsohon ya biyo, sai in shafe. Yanzu ni kaina ban san inda tsagar ta kai ba, ga shi kullum kaina na ƙarƙashinta. Na manta, bisa rufin nake shanya itace, jiƙaƙƙe, da yawa.

Mai Burodi Mai Kunya, Tamaske

Mai Burodi, ladabinka ya burge ni, amma lakar nan tsohon kawai take ruɗi, tsagar tana nan tana aikinta.

Ba laifin surukinka ba ne. Ƙarfen da ke ɗauke da nauyi cikin zafi yana saki yana lanƙwasa a hankali, tsaga kuma tana rarrafe a cikinsa. Da fari sannu take tafiya, in ta kusa ƙarshe sai ta sa gudu. Abu uku ke tura ta: zafi, nauyi da daɗewa.

Yau ɗin nan ka sauke itacen, ka tokare ƙarfen da ginshiƙin tubali. In tanda ta huce, ka kankare lakar, ka buga alama da ƙusa daidai inda tsagar ta tsaya, ka auna tsawonta da tsinke, ka yanke shi, ka adana. Kowace ranar kasuwa ka yi sabon tsinke, ka jera su. In ƙarin wannan mako ya fi na wancan, ko tsagar ta ci sulusin faɗin ƙarfen, kada ka ƙara hura wuta. In ma ka tarar ta riga ta kai can, ba sauran awo, sai dai a canja ƙarfen.

Batun tsohon kuwa, ka aiki ɗiyarsa ta ce kana roƙon gwani ya duba maka, don idonka bai san ƙarfe ba. Ka bar shi ya buga alama ta gaba da kansa. Maƙeri ne, zai riga ka cewa a canja, har ya yi maka faɗan ɓoyewa. Ka durƙusa ka sha faɗan. Ya fi masa sauƙi ya nemo wani shasin da ya nemo wa ɗiyarsa wani miji.

Allah ya tsare kanka, ya sa burodi ya tashi.